Yadda ake shawo kan kuɓucewar bayan gida

Akwai wanda bayan gida ke taso masa gadan-gadan, kafin ya ɗauki buta ya kai ƙofar banɗaki aikin gama ya gama. Akwai wanda ba ya jin komai, sai ya zo cire wando da dare ya tarar da tabo. Akwai kuma matar da tun haihuwar fari ba ta iya riƙe tusa, ta janye daga zaman gidan biki ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba. Sunan lalurar ɗaya ne, amma abin da ya lalace a jikin kowannensu daban ne, shi ya sa maganin da ya karɓi wani yakan ƙara dagula wa wani. A ƙasar Hausa da sunan basir aka fi ɓoye ta, mutum ya shekara yana shan jiƙe-jiƙe masu sa gudawa, alhali gudawar ce babbar abokiyar gabarsa.

Abin da ke riƙe bayan gida

Abu uku ne: ƙofa, ma'aji, da yanayin kayan da ke cikin ma'ajin.

Ƙofar zobba biyu ne na tsoka da suka zagaye dubura. Na ciki ba ya jiran umarnin mai shi, a tsuke yake dare da rana, shi ke hana ɗiga lokacin barci. Na waje shi ne wanda mutum ke matsewa da gangan idan tusa ta taso a cikin jama'a. Ƙarfinsa na ɗan lokaci ne, idan aka matse shi iya ƙarfi ba ya kai minti ɗaya ya gaji. Sama da su akwai wata tsoka mai kama da majajjawa, ta taso daga ƙashin mara ta zagaye ƙarshen hanji ta jawo shi gaba, ta lanƙwasa shi kamar yadda ake lanƙwasa tiyo don tsayar da ruwa. Jijiyoyin da ke ba su umarni daga ƙasan laka suke fitowa.

Ma'ajin shi ne ƙarshen babban hanji, tsawonsa santimita 12 zuwa 15. Lafiyayye yana buɗewa ya karɓi kaya, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya cika, ya jira. Idan ya kumbura ko ya yi tabo, ba ya jira.

Na ukun shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Ko ƙato mai lafiyayyar tsoka, idan gudawa tsululu ta kama shi, sai ta kuɓuce masa. Tsoka mai rauni kuwa tana iya riƙe bayan gida mai kauri ba tare da matsala ba. Don haka duk wanda ya san aikin, da gyaran kaurin bayan gida yake farawa, ƙofa ta biyo baya.

Mataki na farko: a rubuta na mako biyu

A sami ƙaramin littafi. Kullum a rubuta lokacin cin abinci da abin da aka ci, magungunan da aka sha har da na gargajiya, lokacin da aka shiga banɗaki, da lokacin da abin ya kuɓuce. A kowace kuɓucewa a amsa tambaya uku: an ji zuwansa ko ba a ji ba? Iska ce, ruwa ne, ko mai kauri? Tabo ne kawai ko mai yawa?

Likitoci suna auna kaurin bayan gida da wani ma'auni mai hawa bakwai da aka tsara a birnin Biristol na Ingila. Hawa na 1 ƙwalaye ne masu tauri kamar kashin awaki, na 2 dunƙulalle mai gudaji. Na 3 da na 4 su ake nema: dogo, mai laushi, mai riƙe siffarsa kamar ayaba. Na 5 gutsattsari ne masu laushi, na 6 kamar kunu mai kauri, na 7 ruwa zalla. A riƙa rubuta lambar.

Bayan mako biyu littafin zai nuna inda aka dosa. Mai jin matsuwa ya kasa kaiwa banɗaki, galibi zoben waje ne ya yi rauni, ko hanjin ke saurin turowa. Wanda ba ya jin fitar, zoben ciki ne ko jijiyoyi, kamar yadda ake gani ga wanda ya daɗe da ciwon sukari. Mai ganin tabo awa ɗaya ko biyu bayan ya fito banɗaki, ko dai bai gama fitarwa ba, ko basir ko fitar baya ke hana ƙofar rufuwa ruf.

Waɗanda ba za su jira mako biyu ba

Idan kuɓucewar ta zo farat ɗaya tare da ciwon baya mai tsanani, sagewar matse-matsi da mazaunai, raunin ƙafafu, ko fitsari ya ƙi fita, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya mayar da lahanin na dindindin. Haka jini a bayan gida, baƙin kashi kamar kwalta, rama ba dalili, zazzaɓi da gudawa mai majina, ko canjin yanayin bayan gida da ya wuce makonni ga wanda ya haura shekara 40. Kada a ce basir ne a zauna. Sankarar hanji ma da irin wannan kamar take zuwa.

Mataki na biyu: a tabbata ba toshewa ba ce

Nan ne aka fi yin kuskure, musamman ga tsofaffi da marasa lafiyar da ke kwance, kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Bayan gida yakan taru a ma'aji ya daskare kamar dutse. Wanda ke bayansa, mai ruwa-ruwa, sai ya riƙa bi ta gefen dutsen yana tsiyaya ba tsayawa. 'Yan gida su ga ruwa su ce gudawa ce, su sayo maganin tsayar da gudawa, dutsen ya ƙara girma.

Alamominta: kwanaki ba a yi cikakken bayan gida ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita a rai, ga tsiyaya mai wari kaɗan-kaɗan duk yini. Tiramadol, kodin da ƙwayoyin ƙarin jini suna daga cikin masu jawo ta. Ma'aikacin lafiya yana gane ta cikin minti ɗaya ta hanyar sa yatsa da safar hannu, kuma wannan gwajin bai kamata kunya ta hana shi ba.

Idan an tabbatar, sai a kwashe. Akan fara da matsin gilisarin, wato ƙwayar da ake turawa ta dubura, na manya mai giram 4: a jiƙa shi da ruwa, mara lafiya ya kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi, a tura shi ya wuce ƙofar ya jingina da bangon hanji, a jira minti 15 zuwa 30. Idan aka cusa shi cikin tsakiyar kashin ba zai yi aiki ba. Ta baki kuma akwai garin Movicol mai sa bayan gida ya yi laushi, kowane ƙunshi a narka shi a ruwa mililita 125; ga toshewa sosai likita kan ba da har ƙunshi 8 a yini na kwana uku. Ruwan maganin laktulos mai saki ciki, mililita 15 safe da yamma, ya fi dacewa da hana dawowar matsalar, don yakan ɗauki kwana biyu kafin ya fara aiki. Idan dutsen ya ƙi, ma'aikacin lafiya zai fasa shi da yatsa. Kada a ɗura ruwan sabulu ko na sassaƙe ta dubura, yana ƙona hanji. Wanda kuma ke amai, cikinsa ya yi tim, ko tusa ba ta fita, kada a ba shi komai, a kai shi asibiti.

Yaron da ya wuce shekara huɗu yana ɓata wando, mafi yawan lokaci wannan toshewar ce. Ba ya jin fitar, don ma'ajin ya buɗe har ya daina ji. Duka ƙara masa tsoron banɗaki yake yi, ya ƙara riƙewa.

Mataki na uku: a gyara kauri

Idan littafin ya nuna lamba 5, 6 ko 7, a fara da binciken abin da ke saki cikin. A kai bayan gida ɗakin gwaji, don atuni da sauran ƙwayoyin hanji suna da maganinsu. A kwashi duk magungunan da ake sha a nuna wa likita. Metfomin na masu ciwon sukari sananne ne wajen sa gudawa, haka magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ruwan maganin olsa mai sinadarin maganiziyom. Kada mutum ya daina maganin sukari da kansa, likita na iya rage shi ko ya canza zuwa mai narkewa a hankali. Shayin rage tumbi, maganin wankin ciki da jiƙon basir sau da yawa suna ɗauke da abin sa gudawa irin sanamaki ko filasko, a ajiye su gaba ɗaya. Wanda aka cire wa maɗaciya ya faɗa wa likita, don akwai gudawa ta musamman da ke biyo bayan wannan aiki, kuma tana da maganinta daban.

Abinci kuma a bi shi ɗaya bayan ɗaya. A cire abu guda na kwana bakwai, a duba littafi, idan ba a ga bambanci ba a mayar da shi a cire wani. Waɗanda aka fi zargi su ne kofi, shayi mai kauri, goro, lemon kwalba, barkono da yaji, soye-soye masu maiƙo, madara, da cingam ko alewar da aka rubuta ba sukari, don abin zaƙin da ke cikinsu yana jawo ruwa cikin hanji. Mai kasa narkar da madara sau da yawa yakan iya shan kindirmo. Wake, kabeji da albasa suna ƙara iska, ga mai fama da tusa. Masu ɗaure ciki kuwa su ne farar shinkafa, ayaba wadda ba ta nuna tuɓus ba, dafaffen dankali da taliya. Ba mu goyon bayan mutum ya yanke abinci goma lokaci guda: zai rame, kuma ba zai san wanne ne mai laifin ba.

Ruwa kada a rage shi don tsoro. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, a ƙara lokacin zafi, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa saboda ciwon zuciya ko ƙoda.

Akwai garin da ke tsotse ruwan bayan gida ya dunƙule shi, ana sayar da shi da sunan Fybogel. Ƙunshi ɗaya giram 3.5 ne. A zuba a ruwa mililita 150, a motsa a shanye nan take kafin ya yi kauri, sau ɗaya a yini bayan abinci, ba dab da kwanciya ba. Bayan mako a iya mayar da shi sau biyu. Kwanakin farko yana kumbura ciki. Idan bayan mako biyu abin ƙaruwa ya yi, a bari, ba kowa yake karɓa ba.

Sai lofaramayid, wanda aka fi sani da Imodium. Yana rage gudun hanji, hanjin ya sami lokacin tsotse ruwa, yana kuma ɗan ƙara tsukewar zoben ciki. Ƙwaya ɗaya miligiram 2 ce. A fara da guda, rabin awa kafin karin kumallo ko kafin fita unguwa, a ga yadda jiki ya karɓa na kwana uku kafin a ƙara, da sanin likita. Iyakarsa ƙwaya 8 a yini, wuce haka yana rikita bugun zuciya. Idan bayan gida ya koma lamba 1 ko 2 an zarce, a rage. Ba a shan sa idan akwai jini ko zazzaɓi, ko ana zargin toshewa, ba a kuma ba yara sai likita ya ce.

Mataki na huɗu: a sa wa hanji lokaci

Ma'ajin da ba komai a ciki ba shi da abin zubarwa. Hanji yakan motsa da kansa minti 20 zuwa 30 bayan an ci abinci, kuma motsin safe ya fi ƙarfi. A yi amfani da wannan: a karya, a sha abu mai ɗumi, a shiga banɗaki a lokaci ɗaya kullum ko ba a ji komai ba. Cikin makonni hanji yakan saba. A watan azumi sai a mayar da lokacin bayan sahur ko bayan buɗa-baki, a kuma guji narka wa cikin da ya yini fayau soye-soye da ruwan ƙanƙara a tashi ɗaya.

Tsugunno irin namu shi ne zama mafi kyau, don yana warware lanƙwasar nan ta majajjawa. Mai masai na zama ya sa ƙaramar kujera mai tsayin santimita 15 zuwa 20 a ƙarƙashin ƙafafu, gwiwoyi su fi ƙugu tsawo, ya sunkuyo ya ɗora gwiwar hannu a cinya, ya saki ciki ya kumburo gaba. Banda yunƙuri da riƙe numfashi, yawan nishi yana jan jijiyoyin wurin har su yi rauni. Minti biyar zuwa goma sun isa, idan bai zo ba a tashi. Tsohon da ba ya iya tsugunno a huda masa kujera a sa bokiti a ƙasa, a aje kusa da gado, a bar fitila da dare, a sa masa wando mai roba maimakon mai mazagi. Sau da yawa nisan banɗaki da ƙullin mazagi ne kaɗai matsalar.

Mai ɗiga bayan fitowa banɗaki ya gwada matsin gilisarin da safe don ya kwashe saura, sannan ya naɗe 'yar auduga ya ɗora a bakin dubura, tsakanin mazaunai.

Mataki na biyar: atisayen tsoka

A zauna a kujera, gwiwoyi a ɗan buɗe. A matse dubura kamar ana hana tusa fita, a ja ta ciki da sama. Don tabbatarwa, a ɗora yatsa a bakin wurin lokacin wanka: ya kamata a ji ya tsuke ya shige ciki. Idan turowa waje yake yi, ana yin akasin abin da ake so. Mazaunai da cinyoyi su kasance a sake, numfashi na tafiya. Wanda ya ga yana ɗagowa daga kujera, ɗuwawu yake matsewa, ba zoben ba.

Zagaye ɗaya kashi uku ne. Matsewa da ƙarfi na daƙiƙa biyar, hutun daƙiƙa goma, sau biyar zuwa goma. Sai matsewa da rabin ƙarfi, a riƙe iya yadda za a iya, sau biyar. Sai matse-saki da sauri sau goma. A yi zagaye uku a yini, a ɗaura su da wani abin da ba a mantawa, misali bayan sallar Asuba, La'asar da Isha. Wanda bai iya kai daƙiƙa biyar ba ya fara da biyu, a kwance. In ya ƙware ya koma yi a tsaye. Hutun tsakani wajibi ne, tsokar da ta gaji ƙara saki take yi. Sau da yawa ba a ganin cikakken sakamako kafin wata uku, kuma nan ne yawancin mutane ke karaya su bari.

Ga mai matsuwa akwai dabara ta biyu. Idan abin ya taso, gudu shi ne mafi munin abin yi, don yana girgiza ciki ya ƙara tura kaya ƙasa. A tsaya cak ko a zauna, a matse da rabin ƙarfi, a yi numfashi a hankali. Murɗawar kamar igiyar ruwa take, takan lafa, sannan a taka a hankali. A gida a horar da kai: a shiga banɗaki a shirya tsaf, amma a riƙe minti ɗaya kafin a saki. Idan ya samu a kai biyar, a kai goma, daga nan a riƙa jira a bakin ƙofa, sannan a tsakar gida.

Fata, fita da ibada

Bayan gida mai ruwa yana cin fata cikin sa'o'i. Tsarki da ruwa shi ne daidai, ruwa zalla mai ɗan ɗumi, ba Dettol, ba sabulu mai ƙamshi, ba gurzawa da soso. A tsane da ƙyalle mai laushi ta hanyar dannawa, a shafa Vaseline ko Sudocrem siriri. Idan aka lafta da yawa yana toshe audugar ƙunzugu ta kasa tsotsa. Mace ta wanke daga gaba zuwa baya. A canza ƙunzugu ko famfas da zarar ya ɓaci, kada a jira ya cika. Ja mai ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a gefe alamar fangas ce, wata ƙwayar cuta mai son danshi, tana buƙatar man shafawa daga asibiti. Mai kwance a riƙa juya shi duk awa biyu, don danshi da nauyin jiki su ke haɗuwa su haifar da gyambo.

Jakar fita ta ƙunshi ɗan kamfai biyu, auduga, baƙar leda, ƙaramar gorar ruwa da man shafawa. A ci abinci da wuri a shiga banɗaki kafin a kama hanya. Game da salla, malaman Malikiyya suna kiran wannan lalura salas, kuma idan tana zuwa a mafi yawan lokaci ba ta warware alwala, sai dai an so a sabunta. A kai wa malami bayanin yadda take zuwa ya faɗi hukuncin da ya dace da mutum.

Haihuwa, da abin da sai asibiti

Ga mata, babban sanadi shi ne ƙaruwa wajen haihuwa. Ƙari hawa huɗu ne. A na uku yagewar ta kai zoben dubura, a na huɗu ta ratsa har cikin hanji. Waɗannan biyun a ɗakin tiyata ake ɗinke su, da hannun wanda ya ƙware, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da laktulos na kimanin kwana goma don kada tauri ya farke ɗinkin. Idan aka ɗinke fata kawai aka bar tsokar a rabe, daga waje wuri zai yi kamar ya warke. Ruwan zafin jego ba ya haɗa tsokar da ta tsinke, maganin matsi ma haka. Wata ba za ta ga alama ba sai bayan shekaru, lokacin da al'ada ta ɗauke, sauran tsokokin da ke rufa mata asiri suka saki. Duk mai jegon da ta kasa riƙe tusa bayan arba'in ta koma a duba ta. Maza kuwa, aikin basir a hannun wanda bai san inda zoben yake ba yana daga cikin abin da ke yanke shi.

Idan iska ko kashi ta gaba yake fitowa, wannan yoyon kashi ne: huda ce tsakanin hanji da farji, daga doguwar naƙuda, ƙarin da ya farke, ko yankan gishiri. Atisaye da ƙwaya ba sa rufe huda, sai ɗinki. Ana yin sa a cibiyoyin yoyon fitsari kamar ta Babbar Ruga a Katsina, ta Ningi a jihar Bauchi, sashen Laure na asibitin Murtala a Kano, Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi, kuma a yawancinsu kyauta ne. Bayan aikin akan hana saduwa na aƙalla wata uku, haihuwa ta gaba kuma a asibiti, galibi ta tiyata.

Wanda ya yi wata uku yana bin matakan nan bai ga sauƙi ba ya nemi a tura shi wurin likitan tiyata a asibitin koyarwa, ya tafi da littafinsa. Za a duba da yatsa, a iya leƙa hanji da na'ura, a wasu wuraren a ɗauki hoton zoben a auna ƙarfinsa. Zoben da ya tsinke ana iya jawo bakinsa biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya a ɗinke. Yana taimaka wa da yawa, amma ƙarfinsa kan ragu da shekaru, don haka ba a barin atisaye da kula da kauri bayan aiki. Fitar baya ma tiyata ce maganinta. Mai lahanin laka akan koya masa kwashe hanji da matsi ko wanke shi da ruwan ɗumi ta na'ura ta musamman, kullum ko bayan kwana bibbiyu, a lokaci ɗaya. Idan duk sun gaza, akan fito da hanji ta gefen ciki a manna jakar da ke karɓar bayan gida, mai shi ya riƙa canza ta da kansa, ta kwanta a ƙarƙashin riga ba mai gani.